Na'urar ji ta bayan kunne a zafin Yamai: me take iyawa, ina take gazawa

Cikin na'urorin da ake sa wa mai nauyin ji, wadda ake ratayawa bayan kunne, mai aiki da pil, wato ɗan ƙaramin batir, lamba 13 ko 675, ita ce ta fi dacewa da Yamai. Ta fi ƴar ƙaramar nan ta cikin kunne jure zufa da ƙura, maɓallanta manya ne, tsoho ma yana iya sarrafa su, kuma ba ta jiran caji ranar da aka ɗauke wuta.

Sai dai kar a haɗa ta da abin ƙara sauti da ake sayarwa a kwali cikin kasuwa. Wancan yana ɗaga kome ne gaba ɗaya: muryar jika, ƙarar kabu-kabu, karon kwanoni. Ita ta gaskiya sai an auna kunne a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na babban asibitin ƙasa na Yamai, sannan a saita ta da kwamfuta bisa sakamakon. Yawancin masu shekaru siraran sautuka ne ke fara ɓace musu, irin su "s" da "sh", shi ya sa suke cewa "ina jin magana amma ba na ganewa". Waɗannan sautukan ne ake ɗagawa. In kunne yana fitar da mugunya, magani za a fara yi.

A ɗaki, ko hirar mutum biyu ko uku, aikinta yana da kyau ƙwarai. A fada ana shan shayi, mutum shida na magana lokaci guda, ko cikin kasuwar Katako, nan ne take yin rauni. Dabarar ita ce a zauna kusa, mita 1 zuwa 2, a ba hayaniya baya, a kalli bakin mai magana. Ƴan gida su daina ihu, don ihu yana murɗe kalma. Su yi magana a hankali, fuska da fuska.

Pil ɗin da iska yake aiki. Na lamba 13 alamarsa ruwan lemu ce, na 675 shuɗiya. In an ɓare takardar da ke manne a bayansa, a jira minti 1 kafin a saka, iska ta shiga ƴan hudojinsa. Da an ɓare ya fara ƙarewa, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, kuma mayar da takardar ba ya tsayar da shi. Na 13 yakan yi mako 1 zuwa 2. A ɓoye shi daga yara, haɗiye shi haɗari ne na gaggawa.

Ruwa shi ne babban abokin gabarta. A cire ta kafin alwala da wanka, a bari kunne ya bushe. A Afrilu da Mayu zufa tana gangarawa bayan kunne ta shiga gidan pil, sai sauti ya riƙa yankewa. Kowane dare a goge ta da busasshen ƙyalle, a buɗe ƙofar pil, a rufe ta a kwalba tare da ƙwayoyin tsotse danshi. Ba a shanya ta a rana. Da hunturu kuwa ƙura ce ke toshe bakin makirfon, ɗan buroshin da ke zuwa da ita ya isa.

Ƙarar fito da ke sa mutane jefa ta a akwati, yawanci daga robar cikin kunne take: ba ta zauna daidai ba, ko dattin kunne ya taru, ko siririn tiyon da ke haɗa robar da na'urar ya yi tauri ya tsage. Tiyo ana canza shi duk wata 3 zuwa 6. Robar a zare ta daga na'urar, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ta kwana ta bushe. Kallabi ko hula in ya matse makirfon shi ma yana jawo fito. Yaro kuma kunnensa girma yake, robarsa sai an riƙa sake ta.

Makonnin farko mutum yana jin muryarsa kamar daga cikin randa. A fara da awa 2 ko 3 a gida, a riƙa ƙarawa. Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai sayarwa ko sake saiti yana cikin farashin, da inda za a samu pil da tiyo a nan Yamai.