Yawon ƙafa a Cape Point: jagoran ya ci kuɗinsa halal, kamfanin kuwa da saura

Duk ɗan'uwan da ya zo Cape Town, a Afirka ta Kudu, ya tambaye ni ko ya ɗauki jagora zuwa Cape Point ko ya tafi shi kaɗai, nakan ce masa ya ɗauka, amma ya tabbata wanda zai sa shi taka ƙasa ne. Yawancin motocin yawon buɗe ido suna sauke mutane a gaban allon katakon nan na Cape of Good Hope, a yi layi, a ɗauki hoto, a koma mota. Ni wani ƙaramin kamfani na biya, mai shirya yawon ƙafa na wuni guda a ƙarshen zirin ƙasar da ya kutsa cikin teku kudu da birnin, kuma shi nake son in ba ku labarinsa.

Jagoranmu dattijo ne Musulmi, kowa Boeta yake ce masa, yadda mutanen Cape ke kiran babban yaya. Daga birni tafiyar ta fi awa ɗaya a mota. Mun ratsa Simon's Town, garin sojan ruwa, kuma tun a nan ya fara aikinsa. Ya nuna mana masallacin garin, ya nuna gangaren da gidan iyayensa yake. A 1967 gwamnatin wariyar launin fata ta ce garin na farar fata ne kaɗai, aka kwashe iyalai zuwa Ocean View, can bayan duwatsu, nesa da tashar jirgin ƙasa da bakin ruwan da suke kamun kifi. Bai ɗaga murya ba, bai kuma tsawaita ba. Amma daga lokacin na san wanda ke gabanmu ba haddace takarda ya yi ba.

Mun fara tafiyar daga gindin tsohuwar hasumiyar fitila. Akwai ɗan jirgin da ke jan mutane zuwa sama, sai dai ya ce mai lafiya ya hau matakala. An kunna fitilar a 1860, a kan tsauni mai tsayin sama da mita 200, da tunanin jiragen ruwa za su hango ta daga nesa. Ashe tsayin ne matsalar, don hazo kan rufe ta ruf a lokacin da aka fi bukatarta. A watan Afrilun 1911 jirgin Fotugal mai suna Lusitania ya daki dutsen Bellows da ke ƙarƙashin ruwa, mutum 8 suka rasu. Sai aka gina wata fitilar a ƙasa, mita 87 daga ruwa, aka kunna ta a 1919. Akwai siririyar hanya da ke kai mutum inda zai leƙo sabuwar, teku dama da hagu. Mai jin jiri ya haƙura da ita.

Inda Boeta ya fi burge ni shi ne a kan ciyayi. Idan ka zo da ido irin namu, za ka ga jeji ne kawai na gajerun itatuwa masu ƙananan ganye, babu ko inuwar kirki. Sunansa fynbos. A wannan yankin na gandun dajin Table Mountain kaɗai akwai irin tsiro sama da 1,000, a faɗin yankin tsirran Cape baki ɗaya kuwa kusan 9,000, kuma kusan kashi 70 cikin 100 ba sa fitowa ko'ina a duniya sai nan. Shi ya sa UNESCO ta sa yankin cikin wuraren gadon duniya a 2004. Ya durƙusa ya tono wani iri daga yashi, ya ce tururuwa ce ke jan irinsa zuwa raminta, ta cinye ɗan maiƙon da ke jikinsa, ta bar ƙwayar a binne kamar hatsi a rumbu. Nan za ta zauna shekaru, ɓera bai same ta ba, har gobara ta ratsa jejin. Zafin wuta da hayaƙi ne ke tashin da yawa daga cikin irin. Na daɗe a tsaye ina tasbihi. Ƙasa ce mai yashi, marar taki, iska na dukanta dare da rana, amma Allah Ya tara mata abin da dazuzzuka masu ni'ima ba su da shi.

Daga nan muka bi hanyar katako da ke saman gaɓar Dias zuwa Cape of Good Hope, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Rema na shan hantsi a kan duwatsu, jimina na kiwo daf da kumfar teku. Gwaggon biri ma na nan, kuma na wannan zirin sun iya ɓanɓaro katantanwar teku daga dutse su ci. An hana ba su abinci, da gaske ake, domin wanda ya saba da hannun mutum yakan fara ƙwace, ƙarshensa a kashe shi.

A kan tudun ya gyara mana abu biyu. Nan ba shi ne ƙarshen nahiyar Afirka daga kudu ba, Cape Agulhas ne, kimanin kilomita 150 gabas. Sannan tarihin wurin bai fara da Bartolomeu Dias ba, matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal wanda ya kewaya a 1488 har bai ga tudun ba sai a hanyarsa ta komawa. Tun dubban shekaru kafin haka mutanen San da Khoekhoe ke rayuwa a gaɓar, tarin ɓawon katantanwar da suka ci yana nan a kogo da cikin yashi. Ya miƙa hannu tsallaken mashigin ruwan False Bay ya nuna dutsen Hangklip, inda bayin da suka tsere daga gonakin Turawan Holan suka yi ta ɓuya har zuwa lokacin da aka soke bauta a 1834. A can ƙuryar wannan mashigin ruwan kuma kabarin Shehu Yusuf na Makassar yake, malamin Indonesiya da aka yo gudun hijirar dole da shi zuwa nan a 1694. Ban taɓa zaton zan tsaya a nan in ji labarin yadda Musulunci ya kafu a ƙasar ba, kuma hakan ya taɓa ni ƙwarai.

Yanzu ga ƙorafina, kuma ba da Boeta nake ba. Kamfanin ya cika mota fiye da kima. Iskar kudu maso gabas a nan tana da ƙarfin da za ta ƙwace maka hula ta kuma ƙwace maganar mai magana, don haka na baya ba sa jin komai sai sun kutsa gaba. A takardar talla sun rubuta za a kai mu Olifantsbos mu ga ɓaraguzan Thomas T. Tucker, jirgin Amurka da ya kife a gaɓar a 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu. Sai direba ya ce lokaci ya ƙure. Wannan ya ɓata mini rai, don da shi aka ja hankalina na biya. Abincin rana halal ne kamar yadda suka yi alkawari, amma bai ƙosar da wanda ya wuni yana hawa da sauka ba. Ba su kuma ware lokacin salla ba, sai da muka roƙa. Boeta ne ya samo mana lungu bayan dutse, ya ja mu Azahar.

Wanda zai je ya tambaya tun farko mutum nawa ne a motar, kuma ko kuɗin shiga gandun na cikin farashin, don baƙo daga Najeriya ko Nijar yana biyan fiye da ɗan ƙasa. A tafi da rigar sanyi ko da rana ta take, da takalmi mai kama ƙasa, da ruwan sha da na alwala. Kada a shiga ruwa a gaɓar Dias, igiyarsa na ja. Mai son ganin kifin whale ya zo tsakanin Yuni da Nuwamba, lokacin da suke shigowa False Bay haihuwa.