Hattara da "aikin talla daga kan gado" da ake turo wa masu jinya a waya

Jama'a, duk mai ɗan'uwa da ke kwance a gida yana murmurewa, ko wanda aka yi wa aiki, ko mai karaya da ke zaman ɗori, ko maijego da aka yi wa tiyata, ko wanda suga ko hawan jini ya zaunar, don Allah ya karanta masa wannan. Akwai 'yan damfara da suka mayar da irin waɗannan bayin Allah abin farautarsu, kuma da suna mai daɗin ji suke sallama: tallan kaya ta intanet, kana kwance kuɗi na shigowa.

Sana'ata POS ce, rumfata kuma ba ta da nisa da wani asibiti, don haka wasu daga cikin kuɗin nan ta hannuna ake son su bi.

Ba haka kawai suke zaɓen mai jinya ba. Mai lafiya yana kasuwa ko ofis, in aka turo masa zancen banza zai nuna wa na kusa da shi, a yi dariya a wuce. Mai jinya kuwa shi kaɗai ne da waya ƙarfe biyun dare, ciwo ya hana shi barci, ga bashin magani, ga kuɗin makarantar yara, ga nauyin da yake ji kullum sai an miƙa masa. Mutumin da ya saba ciyar da gida yau ana ciyar da shi, duk ƙofar da aka ce masa ta samu ce zai taɓa. Sau da yawa ma mu muke nuna musu gidan: a ɗauki hotonsa ana masa ƙarin ruwa a sa a Facebook, a ce a taya mu da addu'a. Addu'a tana zuwa, su ma suna zuwa. In kuma ya taɓa bincika yadda ake kasuwanci a intanet ko sau ɗaya, shi ke nan, TikTok da Facebook za su yi ta jero masa masu alkawari har ya gaji.

Damfara ta farko ga yadda take. Saƙo ne zai shigo WhatsApp daga baƙuwar lamba, galibi ta ƙasar waje, da hoton wata mace cikin kwat, ta ce ita jami'ar ɗaukar ma'aikata ce a wani kamfanin talla. Aikin ba wuya: ka danna alamar yabo a bidiyo uku a YouTube, ko ka bai wa wani otal taurari biyar, ka turo hoton shaida. Sai ka ji alat. Da gaske suke biya, dubu ɗaya ko biyu, kuma wannan 'yar dubun ita ce duk jarin da suke zubawa a kanka. Daga nan a kai ka guruf a Telegram, cike da mutane suna ta godiya suna liƙa rasit. Kwana ɗaya ko biyu sai a fito da "babban aiki": ka sa dubu goma a dawo maka da sha uku. A dawo maka da su kuwa. Sai hamsin. A nan ne labari yake canzawa. Za a buɗe maka wani shafi mai nuna ribarka tana hawa, amma in ka zo cirewa a ce ka yi kuskure a mataki na uku, sai ka cike gurbi, ko a ce sai ka biya haraji, ko an ɗaga ka zuwa babban matsayi dole ka ƙara jari. Masu godiyar nan na guruf su za su taso maka, wai kai kake ɓata wa kowa aiki. Mafi yawansu mutum ɗaya ne da wayoyi a gabansa.

Wani yaro ya riƙa zuwa wurina da takarda a hannu, yayansa ne ke aiko shi, ɗan acaɓa da ya yi hatsari yana kwance da karaya a cinya. Ran nan ya miƙo min lambar asusu da dubu tamanin. Na buga lambar, suna ya fito.

"Kai, wannan ai ba sunan da aka tura wa rannan ba ne."

"Yaya ya ce an canza ma'ajin kamfanin."

Na ce ya kira min shi. Bayan mun gaisa na yi masa ya jiki, na ce kamfanin da asusunsa ke ɗauke da sunan mutum, kuma kullum sabon mutum, ba kamfani ba ne. Ya ce, "Malam, kuɗina fa ina ganinsu a waya, dubu ɗari uku da ɗoriya. Wannan ne na ƙarshe, suna shiga zan cire duka." Muryarsa ba ta mai kwaɗayi ba ce, ta wanda ya riga ya zuba abin da ba zai iya haƙura da shi ba ce. Kuɗin babur ɗin da ya yi hatsarin da shi ne, an sayar a haka. Na ce ni dai ba zan tura ba. Yaron ya karɓi kuɗin ya tsallaka titi wurin wani mai POS ɗin. Lambobin da yake gani a waya kuwa rubutu ne kawai, wanda ya gina shafin zai iya mayar da su miliyan goma in ya ga dama.

Kada wani ya ɗauka wasu yara ne a lungu suke gwada sa'a. A watan Disamba na 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene guda a Victoria Island da ke Legas, cikinsu har da 'yan China 148, kan zargin damfarar kirifto, wato kuɗin intanet, da ta soyayya. An zaunar da matasa a gaban kwamfutoci, an ba su lambobin ƙasashen waje, aikinsu ke nan. A Amurka ma hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta ce ƙorafin wannan damfara ta ƙananan ayyuka ya kai kusan 20,000 a rabin farko na 2024 kaɗai, alhali a duk 2023 bai wuce kusan 5,000 ba. Wanda ke maka hira a Telegram ma'aikaci ne da rubutaccen jawabi a gabansa, ya san abin da zai ce in ka yi gardama, ya san abin da zai ce in ka yi kuka.

Ta biyun ta fi ba ni takaici, domin ita ba baƙuwar lamba ce ke kawo ta ba. Wata ce da kika sani, ko ƙawar ƙawarki, za ta zo dubiya da leda a hannu. "Anti, ai wannan ciwon naki da kin san kayanmu da tuni kin miƙe." Shayi ne, ko ƙwayoyi, ko wani ruwa a kwalba, wai yana maganin suga da hawan jini da olsa da rashin haihuwa, duka shi kaɗai. Sai ta ce ba ma sha kawai ba, ki zama wakiliya: ki biya kuɗin rajista, ki sayi kaya na dubu kaza, ki riƙa sa wa a status, ki kawo mutum biyu, su ma su kawo bibbiyu, kamasho na hawa. Kuɗin da ake rabawa a irin wannan tsari ba daga cinikin kaya yake fitowa ba, daga rajistar sababbin shiga ne, ranar da masu shiga suka ƙare katan-katan ɗin suna nan jibge a ƙarƙashin gadonki.

Abin da suke so a wurinki fa ba dubu talatin ɗinki ba ne kawai. Jinyarki suke so. Kina fara samun sauƙi, da ikon Allah da maganin likita, za a ce ki ɗauki bidiyo ki faɗa wa duniya cewa shayin ne ya tashe ki. Duk dangi sun ga yadda kika kwanta, sun ga kin miƙe, wa zai musa? Masu zuwa gaishe ki kuma ba za su iya cewa a'a ba, za su saya don tausayi. A haka wata gwaggo mai suga za ta ajiye allurarta ta kama shayi saboda ta ji daga bakinki. Wannan ya wuce asarar kuɗi, alhaki ne, kuma sunanki ne a kai, ba na kamfanin ba.

Za su nuna lambar NAFDAC. To a sani, lambar da hukumar ke bai wa yawancin magungunan gargajiya izinin sayarwa ce bayan an duba cewa ba sa cutarwa, ba shaidar suna warkar da abin da aka lissafa ba ce, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wasu lambobin ma na ƙarya ne, ana iya duba su a kundin Greenbook na hukumar a intanet. Kuma kowane irin abu ne, mai shan maganin asibiti kada ya haɗa shi da wani sai ya nuna wa likitansa.

Akwai ƙananan ɓarayi a gefe. Mai cewa zai tallata miki shafi ko ya sa ki a guruf ɗin horo, sai ya ce ki karanto masa lambobi shida da aka turo miki: WhatsApp ɗinki ke nan ya tafi, kuma abu na farko da zai yi shi ne ya bi 'yan'uwa yana cewa jiki ya tashi a taimaka da kuɗin asibiti. Kowa zai yarda, tunda an san ba ki da lafiya. A kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp tun yau. Sai mai cewa ka ba da aron asusunka a riƙa turo kuɗin "kwastomomi" kana turawa gaba kana cire kamasho. Kuɗin sata ne, kuma in bincike ya taso BVN ɗinka za a gani.

Takardar CAC kuwa, wato hukumar rajistar kamfanoni, da suke ɗagawa kamar lasisi, rajistar suna ce kawai, mai shago ma yana da ita. Duk mai karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari sai da rajistar hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari, kuma sunayen masu rajistar suna shafin hukumar. Ku tuna da tsare-tsaren zuba jari na bogi da suka cinye kuɗin jama'a: MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30, ta ruguje a Afrilun 2025, har fusatattu suka fasa ofishinta a Ibadan, SEC kuma ta ce ba ta da rajista a wurinta. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tara mai nauyi ko ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu gudanar da irin wannan tsari, don haka mai jawo mutane ciki ya san ba wasa yake ba.

Ba cewa nake tallan intanet ƙarya ne ba. Ina da kwastomomi mata da ke sayar da turaren wuta da atamfa da yajin daddawa daga ɗaki, alat ɗinsu a gabana yake shigowa. Amma su kaya ne a hannunsu, ga mai saye, ga ɗan sahu da zai kai. Buɗe shafi a Facebook kyauta ne, WhatsApp Business kyauta ne har da wurin jera kaya da farashi, Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, da Google duk suna da darussan talla na kyauta. Mai jinya da ke son ya rage zaman banza ya fara da wannan, ko ya riƙa tallata kayan wani ɗan kasuwa da ya sani ido da ido a ba shi la'ada in an saya. Wurin da aka ce sai ka biya kafin a biya ka, tashi.

Wanda kuma ya riga ya tura, ya tsaya a nan, kada ya ƙara ko sisi da sunan ceto na baya. Kada ya goge hirar, ya adana rasit da lambobin asusun da sunayen da suka fito. A kira banki nan take, ko a aiki wani da katin shaida, a shigar da ƙorafin damfara, domin da an yi jinkiri an kwashe kuɗin zuwa wasu asusun. Sai a kai wa EFCC ko 'yan sanda. Ku kuma masu kula da shi, ban da faɗa da gori, kunyar gorin ce take sa su ɓoye har a cinye su tas.

Bayan kwana kaɗan wani zai kira ko ya turo saƙo, ya ce shi lauya ne ko jami'in hukuma ko ƙwararren kwamfuta, ya ga sunanka cikin waɗanda aka cuta, zai dawo maka da kuɗinka in ka biya kuɗin buɗe fayil. Su ne dai, ko waɗanda suka sayar wa lambarka. EFCC ba ta karɓar kuɗi kafin ta karɓi ƙorafi.