Ɗaukar Hoton Mama A Wata Cibiya A Kano: Na'urori Sun Gamsar Da Ni, Bayani Ne Ya Yi Ƙaranci

A watan Oktoban da ya gabata yayata, wadda ke da shekara 47, ta ji wani ɗan ƙullutu a mamanta na hagu tana cikin wanka, kuma sai da ta yi kusan wata guda tana juya maganar a zuciyarta kafin ta gaya mini. Likitan da ya duba ta ya rubuta mata takardar zuwa ɗaukar hoto. Ni kuma da na cika 42 ban taɓa yin wannan gwaji ba, sai na ce mu je tare a yi mana baki ɗaya, domin kada ta ga kamar ita kaɗai aka sa wa ido. Wata cibiya mai zaman kanta muka je a cikin birnin Kano, wadda ke da na'urar mamogram, wato mai ɗaukar hoton cikin mama, da ta sikanin a gini ɗaya, kuma wannan haɗuwar ce ta sa muka zaɓe ta.

Yabo na farko na ma'aikaciyar da ta amsa mana waya ne. Tun kafin mu je ta gargaɗe mu da kada mu shafa hoda ko mai ko turaren hammata a ranar, kuma ta tambayi ranar da kowace ta ga al'adarta, ta ba ni shawarar in bari sai bayan na yi wanka da kamar mako guda, lokacin da mama ba ya tsami. Maganar hodar ba ƙa'idar banza ba ce, domin wasu kayan shafa suna ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da kan fito a hoto kamar fararen ɗigo-ɗigo, su yi kama da irin ƙananan ɗigon alli da likita ke nema a matsayin alamar farko ta sankarar mama. Ga mu matan nan da ba ma fita sai da humra da turare, wannan gargaɗi ya cancanci a rubuta shi da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa.

Ɗakin mamogram keɓaɓɓe ne, kuma mace ce ke aiki da na'urar, abin da ya kwantar wa Yaya da hankali fiye da duk wani lallashi da na yi mata a hanya. Na'urar irin ta hoton ƙashi ce, sai dai hasken da take amfani da shi kaɗan ne, kwatankwacin abin da jikin mutum ke sha daga muhallinsa cikin mako bakwai. Ana ɗora mama a kan faranti, wani farantin ya sauko ya matse shi, a ɗauki hoto biyu a kowane ɓangare, ɗaya daga sama, ɗaya a karkace har ya haɗa da gefen hammata. Ba zan yaudari kowa ba, matsewar tana da zafi. Amma daƙiƙoƙi ne, kuma ma'aikaciyar tana yi tana magana: "Hajiya, ki yi haƙuri, ki riƙe numfashi, saura kaɗan." Ta bayyana mana cewa idan ba a baje naman ba, wani sashe yakan hau kan wani ya rufe abin da ake nema. Na lura ba ta yi gaggawa da Yaya ba, duk da cewa akwai mata huɗu a layi, har sai da ta sake ɗaukar hoto ɗaya da ta ce gefen hammata bai fito sosai ba.

Na'urarsu mai ɗaukar hoto shimfiɗaɗɗe ce. Akwai sabuwa da ake kira tomosintesis, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2011, mai zagaya mama tana ɗaukar hotuna daga kusurwoyi da dama har likita ya riƙa buɗe shi falle-falle kamar littafi, kuma tana rage yawan matan da ake kira su dawo a banza. Cibiyar ba ta da ita, ba ta kuma da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, kuma ban ɗauki wannan a matsayin laifi ba. MRI ya fi sauran gani, amma yana da tsada, yana buƙatar allurar da ke haskaka jijiyoyin jini, kuma galibi ana tanadarsa ne ga matan da haɗarinsu ya yi yawa, kamar masu gadon canjin ƙwayoyin halitta na BRCA1 da BRCA2.

Inda na ga gazawa shi ne wajen karɓar sakamako. Bayan kwana biyu wani matashi a kanta ya miƙo mana ambulan biyu da faifan hotuna, bai ce komai ba sai "Allah ya ƙara lafiya". Takardar da Turanci aka rubuta ta, irin Turancin likitoci, a ƙasan tawa an sa BI-RADS 0, a ƙasan ta Yaya BI-RADS 4. Yaya ta dubi tata ta dubi tawa, ta ce, "Ke kin ci sifili, ni ce mai huɗu, shi ke nan tawa ta ƙare." A gaskiya dukanmu ba mu fahimci lambobin ba. Wannan ma'auni na Kwalejin Likitocin Hoto ta Amurka ne, yana tafiya daga 0 zuwa 6. Sifili ba ya nufin lafiya lau, yana nufin hoton bai wadatar ba, ana buƙatar ƙarin bincike. Lamba 1 da 2 su ne babu abin damuwa, 3 tana nufin kusan tabbas ba sankara ba ce amma a dawo bayan wata shida, 4 kuwa akwai zargi da ya isa a ɗebi ɗan nama a gwada, kuma mata da yawa masu wannan lamba sakamakonsu kan fito babu cuta. Lamba 5 ce ke nuna zargi mai ƙarfi ƙwarai, 6 kuma ta wadda an riga an tabbatar ce. Wannan bayani ba zai ɗauki minti uku ba, amma sai da na dage, na ce ba za mu bar wurin ba sai mun ga likita, sannan aka shigar da mu. Ina tunanin matar da ta taso daga ƙauye, ba ta karanta Turanci, ta ga sifili ta koma gida da murna, ko ta ga huɗu ta wuce wurin mai maganin gargajiya saboda tsoro.

Likitar, da muka samu ganinta, ta goge mini rabin ɓacin raina. Ta nuna mini hotona a allo ta ce mamana mai kauri ne, wato naman da ke samar da nono ya fi kitse yawa, kuma tun da shi da ƙari duk fari suke fitowa a mamogram, neman ƙari a ciki kamar neman farar tunkiya ne a cikin hazo. Shi ya sa aka tura ni sikanin. Sikanin ba ya amfani da haske mai ratsa jiki, da amon sauti yake aiki, saboda haka ya dace da masu ciki da masu shayarwa da 'yan mata, kuma yana bambanta jakar ruwa da dunƙulen nama. Rauninsa shi ne ingancinsa ya dogara da hannun mai riƙe da shi, kuma sau da yawa ba ya ganin waɗancan ɗigon allin. Nawa ya nuna 'yar jakar ruwa ce marar illa, aka mayar da lambata 2.

Yaya kuwa an kashe mata wurin da allura, likitar tana kallon allon sikanin ta ɗebi ɗan nama da wata allura mai rami. Ta faɗa mana ƙarara cewa hoto, komai kyansa, zargi kawai yake kafawa, gwajin nama ne ke yanke hukunci. Ina so a riƙe wannan magana, musamman saboda masu yawo da wata 'yar na'ura da ake riƙewa a tafin hannu suna cewa tana duba jiki gaba ɗaya, daga nan su sayar wa mutum da ƙwayoyi. Wannan ba ta ganin sankara, haka ma hoton zafin jiki bai isa ya maye gurbin mamogram ba.

Naman sai da aka kai shi wani ɗakin gwaji a waje, kuma mun yi mako uku muna jira ba tare da wani daga cibiyar ya kira mu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce mata miliyan 2.3 aka gano suna da wannan cuta a 2022 kuma kimanin 670,000 suka rasu, ta sa burin a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Mun shiga cikin wa'adin, amma da ƙafata da kuɗin motata na cim ma hakan. Sakamakon ya tabbatar da sankara ce, ƙarama, ba ta kai ga kaluluwar hammata ba, kuma yanzu Yaya tana hannun likitocin tiyata.

Zan iya tura mace wannan cibiya, musamman wadda ta kai shekara 40, shekarun da kwamitin rigakafin cututtuka na Amurka ya sa a 2024 a matsayin mafarin yin mamogram duk bayan shekara biyu, ko kuma duk wadda ta ji ƙullutu, ko ta ga kan mama ya shige ciki ko yana fitar da jini, komai ƙuruciyarta. Sai dai in ce mata ta tafi da wanda ke karanta Turanci, ta nemi mace ta yi mata sikanin tun wajen biyan kuɗi, kada kuma ta karɓi ambulan ta juya sai likita ta zaunar da ita. Faifan hotunan ma ta adana shi inda take ajiye takardun gida, domin da shi za a kwatanta hoto na gaba. Nawa yana cikin akwati, kuma na rubuta a jikinsa watan da zan koma.