Mai son littafin Turai daga Ingila, ya turo da sunan mai fassara

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu karatu a gida. Saƙonnin da ake turo mana nan Ingila kusan iri ɗaya ne: a sayo Dostoyevsky, a sayo Camus, a haɗo da Kafka in jaka ta ɗauka. Sunan marubuci kaɗai ba ya isa a nan, domin littafi ɗaya sai a tarar da fassararsa ta Turanci uku ko huɗu a kanta guda, kuma kowace da ɗanɗanonta.

A ɗauki The Brothers Karamazov na Dostoyevsky, marubucin Rasha. Constance Garnett ta fassara shi a 1912, kuma tun da haƙƙin mallakar fassararta ya ƙare, ita ce ake bugawa da araha, ita ce kuma ake samu kyauta a intanet. Turancinta mai santsi ne, amma an san tana gyara wa marubucin kaushin harshensa, wani wurin mai wuya ma ta tsallake. Ta Richard Pevear da Larissa Volokhonsky, wadda ta fito a 1990, ta fi manne wa Rashanci, tana da nauyin karatu, tana kuma ɗauke da bayanai a ƙarshe kan al'amuran coci da tarihi. Mai fara karatun Rashawa Garnett ta ishe shi. Mai nazari ya nemi ta biyun. Ko wacce aka zaɓa, a duba ko akwai jerin sunayen mutanen labarin a farko. Rashawa na kiran mutum ɗaya da suna uku, Alexei ya koma Alyosha kamar yadda Abubakar ke komawa Garba ko Habu, kuma wannan ne ke sa da yawa su ajiye littafin tun ba a yi nisa ba.

Na Camus kuwa tarkonsa a suna yake. Littafinsa na 1942 a Ingila The Outsider ne, a Amurka The Stranger, don haka wanda bai sani ba sai ya biya kuɗin abu ɗaya sau biyu. Masu karatu a nan har yau suna muhawara kan kalma ɗaya a layinsa na farko, inda mai ba da labarin ke faɗin rasuwar uwarsa. Stuart Gilbert a 1946 ya sa "Mother", Matthew Ward a 1988 ya bar "Maman" yadda take a Faransanci. Bambancin kamar tsakanin "mahaifiyata" ne da "Inna". Na farko ya sa mutumin ya zama mai busasshiyar zuciya tun daga kalmar farko, na biyu ya bar masa ɗan ɗumi, kuma ni ina ganin Ward ne ya yi daidai.

Shafin da ke bayan shafin suna shi ne ke tona komai: harshen asali, shekarar bugu, da sunan mai fassara. Littattafan Ismail Kadare na Albaniya da dama daga fassarar Faransanci aka mayar da su Turanci, wato sun bi hannu biyu, don haka 'yan'uwa na Maradi da Damagaram da Yamai gara su nemi na Faransancin. José Saramago na Fotugal kuma ba ya sa alamar zance, jimlolinsa dogaye ne da waƙafi kawai. Wanda ya buɗe Blindness ya ga haka kada ya zaci bugun jabu ne irin na bakin titi, salonsa ke nan.

Batun kuɗi: sabon littafi mai bangon takarda yakan kama fam 10 zuwa 13, kuma ba a ɗora wa littafi harajin saye a Ingila. Kowane shago na iya rage farashi yadda ya so. A Faransa ba haka ba ne, dokar 1981 ta hana ragin da ya wuce kashi 5 cikin ɗari a kan sabon littafi, Jamus ma farashi ɗaya ne ko'ina. Mai neman sauƙi a Faransa sai ya nufi ƙananan bugu irin Folio da Le Livre de Poche. A nan kuma akwai shagunan ƙungiyoyin agaji irin Oxfam, inda ake samun na hannu a fam 2 ko 3. A duba dai kada ya zama taƙaitaccen bugu ne na 'yan makaranta.

Laburaren unguwa kyauta ne, galibi takardar shaidar adireshi kawai ake nema. Aro yawanci mako uku ne, kuma in littafin na wani reshe sai a sa a kawo shi. Ya yi kama da shagunan hayar littattafan Hausa na Kano, sai dai ba a biyan kuɗin haya. A laburaren ake ajiye fassara biyu gefe da gefe a karanta shafi ɗaya a kowace kafin a saya.

Mai neman sababbin marubuta ya bi jerin gasar International Booker. Kyautarta ana raba ta daidai tsakanin marubuci da mai fassara, kamar yadda Olga Tokarczuk ta Folan da mai fassararta Jennifer Croft suka raba fam 50,000 a 2018. Irin wannan girmamawar ta cancanci mutane kamar Bala Abdullahi Funtua, wanda ya ba mu Gandun Dabbobi, fassarar Hausa ta Animal Farm na George Orwell.

In za a turo saƙo, a rubuto sunan marubuci, da na mai fassara, da lambar ISBN mai alƙaluma 13 da ke bayan bango. Jakar jirgi kilo 23 ce, War and Peace kaɗai ya haura shafi 1,200, saboda haka a faɗi wanda ya fi muhimmanci a sa shi farko.