Bashin gyaran gida na kwafaretib ɗinmu: ya biya siminti, bai tambayi gangara ba

Gidan nawa ne, ni na gina shi a Sabuwar Unguwa bulo bayan bulo, amma tun da na yi hatsari a hanyar Kano na koma kan keken guragu, sai an ciccibe ni ake shiga da ni. Lokacin gini ni da kaina na ce wa magini ya ɗaga dokin ƙofa ƙafa ɗaya da rabi saboda ruwan damina da ke bin lungunmu. Wannan ƙafa ɗaya da rabi ita ta tsare ni wata bakwai. In zan fita masallaci sai an nemo samari biyu, in babu su in yi salla a tsakar gida.

Na fara tunanin gwamnati. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman wadda marigayi Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. To, maganar ofisoshi da asibitoci da makarantu take yi, ba ta ce a zo a gyara mini makewayi ba. Bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya kuma yana da rancen gyaran gida ga masu zubi a asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, sai dai da ruwa a kansa, ni kuwa ban so in ƙara wa kaina wani nauyin. Sai na koma ga kwafaretib ɗin ma'aikatarmu, inda na yi shekaru ana cire mini ɗan abu duk wata. Ita nake son in faɗi yadda na same ta.

Abin yabo na farko, ba su wulaƙanta ni ba. Ba wanda ya zo ya ɗauke ni hoto a kan keke yana miƙa mini ambulan. Sakataren da kansa ya kawo fom har gida, ya zauna a zaure ya ce, "Malam, ka faɗi abin da aikin zai ci, mu ba kuɗi za mu ba ka ba, kayan za mu saya." Haka tsarin yake: su sayi siminti da rodi da fayif da masai na zama, su ɗora ribar da aka yi yarjejeniya tun farko, a riƙa cira a albashi har shekara biyu. Ka san abin da ake bin ka tun ranar farko, ba ya ƙaruwa. Wannan ya kwanta mini.

Inda suka gajiyar da ni, masu tsaya mini. Mutum biyu ake so, kuma dole waɗanda ba a bin su komai. Ka nemo mini ma'aikacin da ba a bin sa bashi bayan Babbar Salla! Sati biyar aka yi a kan wannan kaɗai. Sannan ba sa biyan kuɗin aiki, kaya kawai. Ladan magini da mai walda daga adashin uwargida ya fito, Allah ya saka mata.

Amma babban giɓin ba na kuɗi ba ne. Fom ɗin ya tambayi buhu nawa, rodi nawa, tifar yashi nawa. Bai tambayi tsawon gangarar ba, kuma babu wanda ya zo duba aikin. Maginin da muka kira mutumin kirki ne, sai dai abin da ya saba yi shi ne gangarar da ake tura babur cikin zaure. Ya yi mini ita ƙafa shida, ya shafe ta sumul kamar faranti. Ranar da na gwada, tayoyin gaba suka ɗaga sama, ba don ɗana na biye da ni ba da ƙeya zan sha ƙasa. Magini ya riƙe haɓa ya ce, "Yallaɓai, to mi ya rage? Ai ko Boxer da kaya ta hau wannan."

Mai yi mini gashin ƙashi ce ta warware mana. Ta ce ƙa'idar ita ce duk inci ɗaya na tudu a ba shi inci 12 na tsawo. Inci 18 ke gare ni, ke nan ƙafa 18 ake nema, ba shida ba. Lungunmu bai kai haka faɗi ba, in aka miƙe ta sai ta shiga ƙofar maƙwabci. Dole aka fasa ta farko, aka kwantar da sabuwa ta bi jikin bango, ta cinye dakalin da nake zama da yamma, aka bar fili a sama inda keke zai juya ya fuskanci ƙofa. Aka ja tsintsiya a kan simintin tun yana ɗanye don kada ya yi santsi, mai walda ya kafa fayif na dafawa. Simintin da aka zuba a ta farko ya tafi a banza, kuma ina biyan kuɗinsa har yau. Da na koma neman ƙari, suka ce sai na biya rabin bashin farko. Ban ga laifin sakatare ba, dokarsu ce, amma da a fom ɗin akwai layi ɗaya da ke cewa a auna tudu kafin a sayi kaya, da ba a yi wannan asara ba.

Makewayi dai ya yi kyau tun karon farko, domin a nan mun riga mun koyi darasi. Ƙofar ƙafa biyu ce, keke ba ya wucewa, aka buɗe ta zuwa ƙafa uku, ƙyauren ya koma buɗewa waje, aka cire masai na tsuguno, aka sa ƙarfen riƙo a gefe. Tayil ɗin da uwargida ta so mai sheƙi, muka yi ta musu, a ƙarshe aka sa mai kaushi.

Wanda ke cikin irin halina kuma yana zubi a kwafaretib, zan ce ya nema, amma ya riƙe tef ya auna da kansa, ya nemo masu tsaya masa kafin ya karɓi fom, ya kuma tanadi kuɗin aiki daban. Ni yanzu saura wata tara a gama cirewa. Sallar Asuba nakan fita ni kaɗai, sai dai a ƙofar masallacin unguwa akwai matakala biyu, kuma na riga na kai wa liman maganar da tef ɗina a aljihu.