Babban kifin da zai zauna lafiya da ƙanana a tankin gilashi: abin da mai saye a Zariya ya kamata ya duba

Duk wanda ya ɗan jima yana kiwon ƙananan kifayen ado irin su gupi, fileti da niyon tetira, watarana sai ya ji yana son ƙara babban kifi guda ko biyu da za su cika ido a tsakiyar tanki. A nan ne akasarin asara take faruwa, domin kifi ba ya bambance maƙwabci da abinci, kuma duk abin da ya shige bakinsa zai haɗiye shi ko da an ƙosar da shi. Saboda haka faɗin baki shi ne abin fara dubawa kafin tsawon jiki, sannan a nemi sanin girman da kifin zai kai bayan shekara guda, sannan a yi la'akari da yanayinmu na Zariya, inda wutar lantarki kan ɗauke tsawon sa'o'i, hunturu kan sanyaya ruwa da dare, bazara kuma ta ɗumama shi fiye da kima.

A kan waɗannan ma'aunai ban ga wanda ya kai gurami mai ɗigon lu'ulu'u ba, wato Trichopodus leerii a sunan kimiyya, wanda asalinsa fadamun Maleshiya da Indunisiya ne. Yana kai kimanin santimita 12, amma bakinsa ƙarami ne mai kallon sama, ta yadda baligin niyon tetira ya fi ƙarfin haɗiyarsa, sai dai 'ya'yan gupi da aka haifa yanzu, waɗanda iyayensu ma ba sa ƙyale su. Jikinsa cike yake da fararen ɗigo, da baƙin layi daga baki ta cikin ido zuwa wajen wutsiya, kuma namiji idan ya balaga maƙogwaronsa da ƙirjinsa kan rine su yi ja mai ruwan lemo. Yana da zare biyu dogaye a ƙarƙashin ciki waɗanda yake miƙawa gaba yana taɓa ganye da sauran kifaye a hankali, kuma tafiyarsa cikin natsuwa take, ba ya firgita ƙanana.

Abin da ya fi jan hankalina gare shi shi ne wata gaɓa da ke cikin kansa wadda take ba shi damar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa. Idan aka ɗauke wuta da tsakar rana a watan Afrilu, famfon iska ya tsaya, ruwa ya yi ɗumi har iskar da ke cikinsa ta ragu, za ka ga sauran kifaye sun taru a sama suna haki, shi kuwa zai tashi ya ɗauki numfashi ya koma ƙasa abinsa. Wannan baiwar tana da sharaɗi guda: a watannin Disamba da Janairu dole a rufe saman tanki, a bar ɗan fili tsakanin ruwa da murfi, domin busasshiyar iskar hunturu mai sanyi tana cutar da shi idan ya shaƙe ta. Ruwan da ya fi so yana tsakanin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyos, don haka sai an sa hita ta tankin kifi, wato na'urar ɗumama ruwa, a kuma lulluɓe tanki da bargo a daren da babu wuta. Tanki mai cin lita 100 zuwa 120 ya ishi namiji ɗaya da mata biyu, musamman idan akwai tsirrai masu yawo a saman ruwa.

Kifin anjel, wanda ya fito daga yankin kogin Amazon, yana da kyau matuƙa kuma shi aka fi tallatawa, amma tsayinsa daga sama zuwa ƙasa kan kai santimita 20, yana bukatar tanki mai zurfi, kuma da zarar ya balaga niyon tetira sun zama abincinsa. Yana iya zama da fileti da moli, wanda shi ma ƙaramin kifin ado ne. Kifin bakan gizo na Bosamani ba ya faɗa, sai dai yana son zama cikin garke na shida ko fiye, kuma sayen garke yana da tsada. Oska ba abin tattaunawa ba ne, domin yana wuce santimita 30 kuma mafarauci ne. Golfish na son ruwa mai sanyi, yana ƙazanta tanki. Tarwada da karfasa kuwa, waɗanda yara kan kamo daga rafin Kubanni, wurinsu kududdufin kiwo ne.

Inda ya kamata mai saye ya buɗe ido sosai shi ne wajen masu sayarwa. Na taɓa biyan kuɗin gurami mai lu'ulu'u a wani shago, aka ƙulle mini wani ƙaramin gurami a leda ana rantsuwa cewa ɗigon zai fito idan ya girma, ashe ɗan'uwansa ne mai tabo uku, wanda namijinsa kan addabi duk abin da ke cikin tanki, har sai da ya yayyage wutsiyar gupi ɗaya bayan ɗaya. Bambance su ba shi da wuya: mai tabo uku yana da baƙin tabo a tsakiyar jiki da wani a gindin wutsiya, ana lissafa ido a matsayin na uku, kuma yakan zo shuɗi ko ruwan zinare, alhali mai lu'ulu'u na gaskiya yana da layi da ɗigo tun yana ƙarami.

Babbar yaudara ita ce kalmar da za ka ji a kusan kowane shago: "Ai Alhaji, ba ya wuce girman tankinka." Wannan magana ba ta da tushe. Kifin da aka matse a ƙaramin wuri yakan tsumbure ne, ya yi ta ciwo, ya mutu da wuri, kafin nan kuma ya riga ya cinye maƙwabtansa. Da wannan kalma ake sayar da 'ya'yan pangasiyus, wani dangin tarwada, masu kama da ƙaramin shak na teku, waɗanda kan kai mita guda, da bala shak mai kai santimita 35, da fileko na gama-gari, wato kifin nan mai manne baki a jikin gilashi, da ake cewa "mai share gilashi ne", alhali yana kai santimita 40 ko fiye. Wanda ke son mai cin gansakuka ya nemi fileko mai gashin hanci, wanda ke tsayawa wajen santimita 13. Haka nan akwai kifayen da ake yi wa allurar rini su fito da launin kore ko hoda mai ƙyalli. Launin kan koɗe bayan 'yan watanni, kuma da yawansu ba sa daɗewa.

Kada a sayi kifin da ya iso daga doguwar tafiya a ranar, komai matsin mai shago cewa wani zai riga ka. A bar shi ya kwana biyu a can, a ga yana cin abinci. A duba fata da fiffike ko akwai fararen ƙuraje kamar gishiri, a leƙa kusurwar tanki ko akwai gawa, idan akwai a haƙura da duk na cikinsa. Bayan an kawo shi gida a ajiye shi a wani tanki dabam na mako biyu zuwa huɗu, da ruwan da aka cire wa sinadarin kulorin idan na famfo ne, kafin a haɗa shi da ƙananan.