Sudofirolin ko aisofeftayid: wanne ya fi dacewa da Aβ42?

Ƙanwarmu mai digiri na biyu a Aliero ta tambaya wace dabara za ta rubuta a tsarin bincikenta na haɗa Aβ42, feftayid ɗin nan mai amino asid 42 da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzaima. To ƙanwata, ki fara sanin cewa wahalar Aβ42 biyu ce. Yana cuɗewa tun yana kan rezin, wato ƙananan ƙwayoyin roba da ake gina sarƙar a kansu, sarƙoƙin su saƙu da juna kamar tabarma, sinadari ya kasa ratsawa. Bayan an yanko shi kuma ya ƙi narkewa, na'urar tacewa ta HPLC ta kasa tace shi da kyau.

Sudofirolin, dabarar su Manfred Mutter ta shekarun 1990, maganin ta farkon ce kawai. Ana mayar da amino asid serin ko tiriyonin zobe, sarƙar ta lanƙwashe, saƙar ta warware. Sauƙi gare ta, a haɗe ake sayenta. Amma da TFA, asid ɗin da ake yanko feftayid da shi daga rezin, ta taɓa shi wajen yankewa, zoben ya buɗe, kin koma ga feftayid mai taurin kai.

Aisofeftayid kuwa, aikin ƙungiyar Yoshiaki Kiso a Kiyoto ne, 2004. Tsakanin gilaisin na 25 da serin na 26 ake sa haɗin esta a gurbin amayid. Wannan lanƙwasar ba ta jin tsoron asid, don haka tana nan har ki gama tacewa, narkewarsa a ruwa kuma ta ninka wajen sau 100. Ranar gwaji ki zuba shi a ruwa mai pH 7.4, cikin 'yan mintuna ya juye ya zama Aβ42 na asali. Ke kika san lokacin da cuɗewar ta soma, wanda a binciken amiloyid, wato irin wannan cuɗaɗɗen furotin, ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai esta ba ta son fiferidin, sinadarin cire kariya kafin a ɗora kowane sabon amino asid, ya daɗe a kanta, sarƙa na iya tsinkewa.

Aibi ɗaya ya haɗa su: daga amino asid na 42 ake gini a yo ƙasa, sai kin jera amino asid 16 kafin ki iso serin na 26, kuma nan ne wutsiyar da ba ta shiri da ruwa take. Wannan sai rezin na PEG, wato foliyetilin gilaikol, mai ƙaramin lodi, wanda sarƙoƙi ba sa cunkushewa a kansa.

Ni dai aisofeftayid zan zaɓa. Ki kuma sa kuɗin firiza da sola a kasafinki, zafin Afrilu a Kebbi da ɗaukewar wuta ba su san darajar samfuri ba, ga metiyonin na 35 da iska ke saurin ɓatawa.